Gangar Mai da Ta Koma Gangar Kiɗa: Sharhi Kan Tena Mai Muryoyi 29

A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'ana biyu: gangar da ake zuba mai a ciki, da gangar da makaɗi ke bugawa. A tsibirin Tirinidad kuwa abu ɗaya ne a zahiri. Duron mai na galan 55, wato kimanin lita 208, shi ake lotsa gindinsa da guduma, a zana masa gurabe, a ƙona shi a wuta, a saita shi har ya riƙa fitar da muryoyi kamar ana kaɗa ƙararrawa cikin ruwa. Wannan gangar ƙarfe ita ake kira steelpan da Turanci, kuma iri-iri ce, manya da ƙanana. Wannan sharhi a kan ƙaramar 'yar gidan ne, wadda masu sana'ar ke kira tena, musamman mai fara wa daga muryar C ta tsakiya (ana kiran muryoyin kiɗa da haruffa, wannan ita ce C da ke tsakiyar piyano), mai muryoyi 29, wadda aka yi wa ruwan kurom, wato shafen ƙarfe mai ƙyalli kamar azurfa. Ita ce ke jan waƙa a ƙungiyar makaɗa, kuma ita yawancin masu koyo ke fara saye a Landan da New York da Toronto, inda 'yan Karebiyan suka yi kaka-gida.

Hukuncina tun daga farko shi ne, kayan kiɗa ne da ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu: ka san hannun wanda ya saita ta, kuma ka san wanda zai ci gaba da saita maka ita. In babu waɗannan biyun, nan da shekara guda kwanon ƙarfe mai ƙyalli kawai za ka samu a ɗaki.

Ba a raina wannan kwano in an san hanyar da ya biyo. A shekarun 1880 Turawan mulkin mallaka suka hana buga gangar fata a Tirinidad, sai jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka koma buga gorar da aka yanka tsayi daban-daban. Daga baya, a shekarun 1930, samarin unguwannin talakawa na Port of Spain, babban birnin ƙasar, irin su Laventille, suka shiga buga gwangwanayen biskit da na fenti. Ellie Mannette ne aka fi danganta wa lotsa fuskar gangar ta koma kamar kwano, da naɗa roba a kan sandunan bugu, da kuma komawa ga babban duron mai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1951 TASPO, ƙungiyar zaɓaɓɓun makaɗan Tirinidad, ta kai gangar zuwa Landan wurin bikin baje kolin Birtaniya, kuma ɗaya daga cikinsu, Sterling Betancourt, bai koma gida ba. Shi da Russell Henderson suna cikin waɗanda suka fara zaga titunan unguwar Notting Hill ta Landan da ganga rataye a wuya a tsakiyar shekarun 1960, 'yan shekaru bayan Claudia Jones ta shirya bikin Kanival, wato bikin kiɗa da rawa na 'yan Karebiyan, a cikin zaure a St Pancras da ke Landan a Janairun 1959. Wanda ya sayi tena yau, gadon waɗannan mutane ya riƙe a hannu.

Faɗin bakinta kusan santimita 57 ne, daidai da faɗin duron da aka yanko ta. Zurfin kwanon yakan kai santimita 20 ko ya ɗan wuce. Gefen duron da aka bari a kewaye, wanda makaɗan ke kira siket, gajere ne, tsakanin santimita 12 da 15. A lura da wannan lissafin, domin yana nufin cikin kwanon ya fi siket ɗin sauka ƙasa. Duk wanda ya ajiye tena a ƙasa kamar yadda ake ajiye tukunya, to a kan muryoyinta na tsakiya ya ɗora nauyinta, kuma sau ɗaya ya isa ya gurɓata su. Ana kife ta ne a kan bakinta, ko a bar ta a rataye.

Muryoyin suna jere a zagaye uku. Na waje manya 12, na tsakiya 12 matsakaita, sai ƙanana biyar a can ƙasan kwanon, waɗanda wasunsu ba su fi bakin ƙaramin kofi ba. Suna tashi daga C ta tsakiya har zuwa E da ke sama da hawa biyu (hawa ɗaya shi ne tazarar da ke tsakanin wata C da C ta gaba). Sunan tena yana iya ruɗar wanda ya karanci kiɗa a makaranta, don muryarta siririya ce ta can sama; suna ne da ya bi ta tun farko, kuma ya zauna.

Abin da ya fi burge ni a wannan ganga shi ne tsarin jerin, wanda Anthony Williams ya fito da shi a shekarun 1950. Muryar C tana gaban cikin makaɗi. A damarta G, sai D, sai A, haka ake tafiya da tazarar biyar-biyar, wato kowace ita ce murya ta biyar in an ƙirga daga wadda ta gabace ta, har a zagayo ta F a hagu. Kowace murya ta zagayen tsakiya tana zaune daidai ƙarƙashin uwarta ta waje, hawa ɗaya sama da ita. Hikimar a nan ta ƙarfe ce kafin ta zama ta kiɗa. Duk muryoyin nan a jikin faranti ɗaya suke, saboda haka in ka bugi ɗaya, maƙwabtanta sai sun ɗan motsa. Da a ce C da C mai ɗagawa, wato muryar da ke dab da ita ta sama, ne a gefen juna, da kowane bugu ya zo da gurnani. Da yake waɗanda ke jituwa ne aka haɗa maƙwabtaka, motsin maƙwabcin sai ya zama ƙarin zaƙi. Ga mai koyo ma akwai riba: in hannu ya haddace siffar tafiyar sikeli ɗaya, wato jerin do-re-mi, kusan siffar ce zai maimaita a sauran, wurin farawa kawai zai sauya.

Mai saye ya kamata ya san yadda aka yi ta, domin kowane aibi yana da matakin da aka haife shi. Ana amfani da gindin duron ne, ɓangaren da babu ramin zuba mai. Mataki na farko lotsawa, da babbar guduma mai gajeren ƙota ko ta iska, ana bi a zagaye daga baki zuwa tsakiya. Ƙarfen da ya fara da kauri kaɗan sama da milimita ɗaya yana miƙewa yana sirancewa, tsakiya ta fi ko'ina. In aka yi gaggawa a nan sai ƙarfen ya tsage, ko wani gefe ya fi wani kauri, kuma babu gwanin da zai iya gyara wannan daga baya. Sai a auna a zana gurbin kowace murya, a danne tsakankaninsu don kowace ta ɗan kumburo, a bi iyakarta da ƙusa mai dakusasshen kai ana yin ɗigo-ɗigo. Wannan layin ne katangar da ke raba murya da murya. Bayan an yanke siket sai a ɗora gangar a wuta na wasu mintuna don ƙarfen ya saki gajiyar dukan da ya sha, ya kuma iya riƙe saiti. Sannan aikin gaske ya fara.

A kowane gurbi mai saiti ba murya ɗaya yake nema ba. Yana neman uwar muryar, da 'yarta da ke hawa ɗaya sama, wadda ke kwance a tsawon gurbin, da kuma wata ta uku da ke kwance a faɗinsa. Da ƙaramar guduma yake bi, bugu daga sama, bugu daga ƙasa, kuma taɓa ɗaya yana motsa sauran biyun. Bertie Marshall ne ya shahara da kawo wannan salo na saita muryoyin da ke ɓoye cikin murya, kuma shi ya raba gangar yau mai ƙara kamar azurfa da ta dā mai dushewar sauti. Ka ninka wannan aiki sau 29, ka tuna cewa gyaran wata murya yana iya ture maƙwabciyarta, za ka gane dalilin da ya sa tena ta hannun gwani mai ruwan kurom takan haura dala 1,000 a Amurka. Kunnen mutum da shekarun da ya yi yana koyo ake biya, ƙarfen ba wani kuɗi ne da shi ba.

Gwajin da za ka yi kafin ka biya ba ya bukatar ilimi mai zurfi. A rataye gangar a ɗaki mai shiru. Ka bi muryoyin waje ɗaya bayan ɗaya da bugu mai taushi a tsakiyar gurbi, ka saurari wutsiyar sautin. Mai kyau takan buɗe ta tafi sumul har ta ɓace. In ka ji tana rawa, "wau-wau-wau", uwar da 'yarta ba su daidaita ba. Sai ka sake bugun murya guda da ɗan ƙarfi: in ta sauya ta yi sama ko ƙasa sannan ta dawo, gurbin ya yi laushi, kuma ita za ta fara zamewa nan gaba. Ka bugi kowace ta waje tare da 'yarta ta zagayen tsakiya, ya kamata su narke su zama ɗaya. Ka fi ɓata lokaci a kan ƙananan biyar ɗin nan na ciki, domin a nan ake gane gwani. A ganga mai araha "tak" kawai suke yi kamar an bugi murfin tukunya. A ta ƙwarai kuwa, duk ƙanƙantarsu, suna da murya da za ka iya rerawa.

Daga nan ka juya ta ka duba bayanta a gaban haske. Ɗigon ƙusar da ya yi zurfi har ya kusa hudawa, nan ne tsaga za ta fara. Wasu gangunan da gangan aka jera musu ƙananan huji a iyakar muryoyi, salo ne sananne da ke ƙara tsabtar sauti, kada a ɗauke shi aibi. Ka ɗan girgiza ta kusa da kunne. In wani abu na kaɗawa a cikin naɗin bakin, tsatsa ce ko ɓarɓashin ƙarfe, kuma zai riƙa yi maka zuza a wasu muryoyi har abada. Manhajar saiti ta waya tana da amfani kaɗan, amma takan ruɗe ta kama 'yar murya a maimakon uwar, don haka kada a yanke wa ganga hukunci da ita kaɗai. Ka dai tambaya ko a kan 440 aka saita ta ko 442, wato yawan kaɗawar muryar A a daƙiƙa ɗaya, don in ta saɓa da ta ƙungiyar da za ka shiga, kowa zai ji.

Batun kurom da fenti ana yawan gardama a kai. Kurom ya fi fitar da sauti mai haske da nisa, ya fi jure tsatsa a fuskar ganga, kuma shi ne adon da ido ya saba gani a dandali tun zamanin Rudolph Charles na ƙungiyar Desperadoes. Fenti, musamman na gari da ake gasawa, yana ɗan danne ƙara in ya yi kauri, amma ya fi sauƙin kuɗi kuma ya wadatar ga makaranta ko mai koyo a gida. Tambaya ɗaya ce ba a tsallakewa: an sake saita ta bayan an yi mata kurom ɗin? Gogewa da wankan sinadarin suna ture muryoyi, kuma gangar da aka tura wa mai saye kai-tsaye daga wurin kurom ba ta gama haihuwa ba. Raunin kurom shi ne, in ya fara ɓarewa a layin ɗigo, ruwa na shiga ƙarƙashi, kuma sake shi aiki ne mai tsada da ke bukatar sabon saiti gaba ɗaya.

Sandunan da ake haɗowa da ganga sau da yawa su ne abin da ya fi rauni a cikin kwalin. Na tena gajeru ne, kimanin santimita 20, na katako ko na alminiyam, da guntun tiyo na roba a kai. Roba mai kauri tana sa manyan muryoyi su yi daɗi amma ta kashe ƙanana. Siririya tana tada ƙanana amma ta sa manya su yi tsawa. Matsakaiciya ake nema, kuma ta ɗan zarce kan sandar kaɗan don kada katako ya taɓa ƙarfe. Robar tana bushewa ta tsage, a sauya ta da zarar ta fara ƙyalli ko tauri. Riƙon ma sako-sako ne, tsakanin babban yatsa da manuni, a bar sandar ta yi tsalle ta dawo da kanta. Da yake sautin ba ya daɗewa, ana tsawaita shi ne da saurin musayar hannu biyu a gurbi ɗaya, kuma a nan ne sabon hannu ke yin ɓarna, yana dannawa da ƙarfi yana zaton ƙara zai samu. Abin da ke kashe tena da wuri, fiye da faɗuwa ma, shi ne dukan wanda bai iya ba.

Maratayin kuwa ƙafafu biyu ne da ƙugiya a kowane gefe. Gangar tana lilo a tsakaninsu da igiya ko zaren roba, ba ta taɓa ƙarfen ko kaɗan, a ɗan karkace tana fuskantar makaɗi, bakinta wajen ƙugunsa. Mai naɗewa mara nauyi yana da daɗin ɗauka, sai dai iska ko gwiwar yaro na iya kifar da shi. Wanda zai riƙa kiɗa a waje ya nemi mai faɗin gindi.

Rana abokiyar gaba ce. Ƙarfen yana ɗaukar zafi da sauri, muryoyi su sauka, kuma in aka ci gaba da dukansu a haka, wasu ba za su koma daidai ba bayan ya huce. Wannan ne ya sa ake yi wa amalanken makaɗa rumfa a ranar Kanival. Barin ganga a cikin mota a rufe lokacin zafi kuskure ne iri ɗaya. A Landan da Toronto kuma damuwar ta fi karkata ga laima: garejin da ba a ɗumama shi, raɓa ta kwanta a bayan gangar inda kurom bai kama sosai ba, tsatsa ta fara cin wurin da ƙarfen ya fi siranta. Maganin mai sauƙi ne. A goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi bayan kowane kiɗa, ba tare da danna gurabe ba, a shafa wa bayanta ɗan mai ko kakin gogewa sama-sama, a ajiye ta a ɗakin da mutane ke zama.

Ko an kiyaye duk wannan, za ta zame. Haka halittarta take. Mai bugawa a kai a kai yana bukatar saiti sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma a nan ne babban aibin wannan kaya yake: masu saiti ba su da yawa, kuma mai ita ba ya iya yi da kansa kamar yadda ake murɗa wayar jita. Kada ka taɓa ɗaukar guduma ka ce za ka gwada. Gurbin da aka miƙe fiye da kima ba ya komawa. Yadda abin ke tafiya a garuruwan da 'yan Karebiyan suke shi ne, manyan ƙungiyoyi na gayyato mai saiti, wani lokaci daga Tirinidad, gab da Panorama, babbar gasar ƙungiyoyin makaɗan wannan ganga, ya zauna kwanaki yana bin gangunan ɗaya bayan ɗaya. Mai ganga guda yakan kai tasa a saka a layi. Don haka kafin ka tambayi farashi, ka tambayi ƙungiyar da ta fi kusa da kai yaushe mai saitinsu ke zuwa.

Wannan dogaro da jama'a, da na kira aibi, ta wani gefen shi ne mafi kyawun abin da ke zuwa da gangar. Filin da ƙungiya ke atisaye makaranta ce a karan kanta. A Landan akwai irin su Ebony da Mangrove da Metronomes, waɗanda ke karawa a Panorama ta Birtaniya ranar Asabar da ke gaban Kanival na Notting Hill a ƙarshen Agusta. Brooklyn ta New York na da tata gasar a ƙarshen makon bikin ranar ma'aikata ta Amurka a farkon Satumba, Toronto ma haka a lokacin bikinta na Kanival da aka fara a 1967. A makonnin shiri za ka ga kaka da jika a layi ɗaya, mai tsara kiɗa yana buga jimla sau biyu, na kusa da shi su ɗauka da ido da kunne, su miƙa wa na baya, babu takarda ko ɗaya. Can gefe ana buga tsohon ƙarfen birkin mota da sandar ƙarfe don riƙe lokaci. Tena ita kaɗai a ɗaki tana da daɗi, amma sai ta hau kan manyan gangunan bas, masu duro shida ga mutum ɗaya, sannan za ka ji abin da aka yi ta dominsa. Ba mamaki Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata 11 ga Agusta tun 2023, Tirinidad da Tobago kuma ta cire jiragen ruwan Columbus uku daga tambarin ƙasa a 2025 ta sa gangar a gurbinsu.

A kasuwar intanet a yi hattara da suna. Akwai ganga mai kama da ƙwarya biyu a kife da ake bugawa da tafin hannu, wadda ta samo asali daga birnin Bern na Suwizalan wajen shekarar 2000, akwai kuma mai harsuna da aka yanka a jikin ƙarfe. Duka biyun kayan kiɗa ne masu kyau, amma ba su ne wannan ba, ko da mai talla ya liƙa musu sunan. Ƙananan gangunan tsaraba masu fenti kala-kala na ado ne. Masu muryoyi takwas da ake yi wa yara suna koyar da riƙon sanda da sauraro, sai dai jerinsu daban ne, don haka hannu zai sake koyo in an koma babbar.

Saura zaɓi tsakanin wannan mai fara wa daga C da 'yar'uwarta mai fara wa daga D, wadda ke hawa har F mai ɗagawa. Ta D ta fi tsini da ratsa taro, shi ya sa ƙungiyoyin gasa da yawa ke sonta. Ta C tana ba ka muryoyi biyu na ƙasa da ake bukata a waƙoƙin da aka rubuta wa sarewa ko goge irin na Turai, kuma ta fi dacewa da mai kiɗa shi kaɗai ko cikin ƙaramar ƙungiya. Ga wanda bai riga ya shiga wata ƙungiya ba, ta C nake ba da shawara. Wanda ya shiga kuwa ya sayi irin wadda ke layinsu.

In za a yi mata doguwar tafiya, jakar yadi ba ta isa ba. Akwati mai tauri ake so, wanda ke riƙe ta ta baki ya bar cikin kwanon a sarari ba ya taɓa komai, kuma kada a cusa sanduna ko ƙafafun maratayi a cikin kwanon don rage kaya. Wadda aka yi odarta daga Tirinidad ko wata ƙasa, a sa kuɗin saitin farko cikin lissafi tun kafin ta iso, a kuma bar ta ta kwana ɗaya a ɗakin ta saba da yanayinsa kafin a gwada muryoyin.